Lafiyar Ɗalibi: Ba kowane taurin bayan gida ne basir ba

A makarantar kwana, da zarar yaro ya ce ya kwana huɗu bai zaga ba, sai abokai su ce basir ne, a nemo jiƙo. A dakata tukuna.

Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga ragowar abinci. Duk daɗewar da bahaya ta yi a ciki, ƙara bushewa take yi. Shi ya sa mai matsewa don ƙyamar masan makaranta yake jawo wa kansa wahala, balle a watan zafi in ba ya shan ruwa.

Amma wani lokaci cuta ce a ɓoye. Taifod, wadda muka fi sani da gudawa, takan zo da taurin bayan gida, ga ciwon kai, ga zazzaɓin da kullum ƙaruwa yake. Jiƙo ba ya kashe ƙwayar cutar, kuma in aka yi sakaci tana iya huda hanji.

Magunguna ma na jawo shi. Ƙwayar ƙarin jini takan taurara bahaya ta kuma baƙanta ta. Tiramadol da kodin kuwa rage motsin hanji suke yi, ban da sauran ɓarnarsu da ta sa gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018.

In ka ga jini a bahaya, ko amai da kumburin ciki, ko zazzaɓi ya wuce kwana uku, ka je ɗakin shan magani a ranar. Nas ta saba jin irin wannan magana, ba za ta yi maka dariya ba.