Sabon Allo

Ya ku yara, kun san allon katako na makarantar allo. Yaro yakan tsoma alƙalami a tawada ya rubuta karatunsa, ba ya kuwa wanke shi sai ya biya wa malam, malam ya tabbata karatun ya zauna masa. Da makarantun boko suka zo, aka sami baƙin allo da alli. To, yau ga wani allo ya shigo aji, na gilashi, mai haske, watau fuskar kwamfuta da ta wayar hannu.

Wannan sabon allo bai daɗe da zuwa ba, amma ya yi nisa. Tun shekara ta 2015, mai neman shiga jami'a a Nijeriya da kwamfuta yake ɗaukar jarrabawar JAMB. A 2020, sa'ad da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, yara da yawa ta rediyo da talabijin da waya suka ci gaba da karatu. A 2022 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, tare da UNICEF, ta buɗe wata taskar darussa a intanet, har da na Hausa a ciki.

Amfaninsa ba ya ɓoyuwa. Dā in malam zai koyar da yadda jini ke zagaya jiki, sai ya zana zuciya da alli, ya yi ta bayani. Yanzu yana iya nuna ta tana bugawa, jini na shiga yana fita. Yaron da bai taɓa barin garinsu ba sai ya ga teku da jiragen ruwa. Gani ya kori ji. Wanda bai gane ba kuma ya maimaita darasi sau goma, na'ura ba ta gajiya, ba ta fushi.

Amma fa ku lura, mallakar allo ba shi ne karatu ba. A ƙasar Peru, can Amurka ta Kudu, gwamnati ta raba wa 'yan makaranta ƙananan kwamfutoci fiye da 800,000. Da masana suka fitar da bincikensu a 2012, sai aka ga yaran sun iya sarrafa na'urar, amma ba su fi sauran yara iya lissafi da karatu ba. Ƙasar Suwidin ma, wadda ta cika azuzuwanta da na'urori, a 2023 ta fara komawa ga littattafan takarda. Saboda haka hukumar da za ta sayi kwamfuta, ta fara samar da malami gwani tukuna.

Ga dalili. Tsohon allo fari yake zuwa, kai ne za ka cika shi da hannunka. Sabon allo kuwa a cike yake zuwa. Tun daga 2022 ma an sami manhajojin da za ka yi musu tambaya su rubuto maka amsa nan take. A ce malam ya ba Audu aiki, 48 sau 25. Audu ya taɓa waya, ta ce 1,200, ya kwafe. Malam ya ba shi maki, amma kansa wayam. Ladi kuwa ta zauna ta yi tunani, ta ga 25 rubu'in 100 ne, ta raba 4,800 gida huɗu. Ita ta sami hanya, hanyar kuwa za ta kai ta ga amsa dubu.

Watakila wani ya ce, "Tun da na'ura tana aljihuna, don me zan wahalar da kaina?" Sai mu ce masa kayan aro ba ya rufe katara. Batir yakan mutu, na'ura kuma takan yi kuskure, wanda bai sani ba kuwa ba zai gane ta yi ba. Ran jarrabawa ma ba a shiga da waya. Kwamfutar da za ka tarar a can tambaya take yi, ba ta ba da amsa.

Don haka ku karɓi sabon allo hannu biyu, amma ku riƙe shi da dokar tsohon. Ku fara gwada aiki da kanku kafin ku tambayi na'ura. In kun kalli darasi, ku kife wayar, ku rubuta abin da kuka gane, ku kai wa malam ya duba. Kada ku wuce shafi sai ya zauna muku, kamar yadda ba a wanke allo sai an biya.

Tambayoyi
1. Yaushe ake wanke allon katako?
2. Me aka gano a ƙasar Peru?
3. Tsakanin Audu da Ladi, wa ya ƙaru? Don me?