Sufakondakta ba zai sanyaya wayar kowa bana ba

Duk mai cajin waya a kasuwar Jega ko Maiyama ya san yadda caja ke ɗaukar zafi. Dalili shi ne ilektiron da ke gudu cikin ƙarfe suna cin karo, sai wani ɓangare na lantarkin ya koma zafi. Sufakondakta abu ne da lantarki ke ratsa shi ba tare da wannan asara ba, domin ilektiron ɗinsa suna haɗuwa bibbiyu su wuce sumul. Shi ya sa bidiyon da ke cewa an kusa yin wayar da ba ta zafi ke saurin yaɗuwa. Bai kamata matasa su riƙa tura irinsa ba tare da bincike ba.

Heike Kamerlingh Onnes ne ya fara gano wannan hali a 1911, a jikin zaibar da aka sanyaya zuwa digiri 269 ƙasa da sifili. Masana sun daɗe suna ganin ƙarfe ba zai yi ba, saboda maganaɗisu yana raba ilektiron ɗin da suka haɗu. Sai a 2008 Hideo Hosono da abokan aikinsa a Japan suka nuna wani haɗi mai ƙarfe da asenik yana yin hakan a digiri 247 ƙasa da sifili. Wasu ɗakunan bincike suka maimaita, suka samu. Cikin watanni aka kai kusan digiri 218 ƙasa da sifili da 'yan'uwan haɗin. Yanzu masana da yawa na ganin motsin maganaɗisun ne ma ke taimaka wa haɗuwar. Amma ina wannan sanyi, ina zafin Kebbi da ke haura digiri 40 a watan Afrilu?

A 2023 kuma wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka ce LK-99 yana aiki a yanayin ɗaki. Intanet ta ɗauka. Da aka maimaita gwajin a wasu ƙasashe, magana ta rushe.

Bambancin labaran biyu shi ne maimaita gwaji. Don haka kafin a tura bidiyo, a tambaya: a digiri nawa, kuma wa ya sake gwadawa? Ɗaliban fiziks na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero su ya fi dacewa su riƙa yi wa abokansu wannan tambaya a zaurukan WhatsApp, tun kafin wani ya sayar musu da "cajar sufakondakta".