Giyar Gida Da Hakkin Da Ke Kan Hukuma

A cikin shekaru sittin da suka wuce wata al'ada ta bunƙasa a Ingila da Amurka wadda ta cancanci hukumomin lafiya na ƙasar nan su dube ta da idon basira, ko da yake abin da ta ƙunsa ba ya cikin abubuwan da mafi yawan jama'ar Arewa ke sha'awa. Al'adar kuwa ita ce ta mutanen da ke dafa giya a gidajensu, su kai ta taron abokansu masu irin wannan sha'awa, a ɗanɗana, a yi muhawara, a gaya wa mai ita inda ya gyara da inda ya ɓata. Musulmi ya san hukuncin giya a addininsa, kuma babu wata dabarar Turawa da za ta sauya wannan hukunci. To, amma gwamnati ta kowa da kowa ce, kuma ran wanda ke shan burukutu a ƙauyen Filato ko Binuwai amana ne a wuyanta kamar ran kowane ɗan ƙasa.

A Ingila, har zuwa shekarar 1963, duk mai son dafa giya a gida sai ya yanki lasisi. A wannan shekara ce Ministan Kuɗi, Reginald Maudling, ya soke wannan sharaɗi. A 1971 kuma waɗansu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA, saboda ganin yadda manyan kamfanoni shida suka mamaye cinikin giyar ƙasar, suna rufe ƙananan masana'antu ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar ta fara babban bikinta na shekara-shekara a London a 1977, inda ake jera giyar ƙananan masu dafawa ana gwada ta. Haka nan manoman tuffa na yankunan Somerset da Hereford, waɗanda tun kaka da kakanni suke matse 'ya'yan itacensu su bar ruwan ya tsimu, gwamnati ba ta kore su daga sana'ar ba. Da ta sa haraji a kan giyar tuffa a 1976, sai ta yafe wa duk wanda abin da yake yi bai wuce kimanin lita 7,000 a shekara ba.

Labarin Amurka ya fi wannan ban mamaki. Daga 1920 zuwa 1933 ƙasar ta haramta yin barasa da sayar da ita baki ɗaya. Abin da ya biyo baya sananne ne: ciniki ya koma ɓoye, 'yan fasa-ƙwauri suka yi arziki, mutane da yawa suka makance ko suka mutu saboda shan gurɓatacciyar barasa. Bayan an janye haramcin, doka ta yarda a yi giyar inabi a gida, amma ta bar ta hatsi a cikin haramci har shekaru arba'in da biyar. Sai a watan Oktoba na 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta ta, dokar ta fara aiki a watan Fabrairu na 1979. Duk da haka kowace jiha tana da ikon kanta, shi ya sa jihohin Alabama da Mississippi ba su bi sahu ba sai a 2013.

A shekarar da Carter ya sa hannu, masana'antun giya na Amurka duka ba su kai ɗari ba. A 2022 sun haura 9,000, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka kafa su a tukunyar gida suka koyi aikin. Wannan bunƙasa ba ta faru da ka ba. A 1978 Charlie Papazian ya kafa ƙungiyar masu dafa giyar gida a garin Boulder na jihar Colorado, a 1985 kuma aka fito da tsarin horar da alƙalan gasa da ba su shaidar ƙwarewa. A irin waɗannan taruka mutum ba ya kawo kwalba kawai. Yakan zo da bayanin hatsin da ya yi amfani da shi, da irin yisti, da zafin da ya dafa, da kwanakin da ta yi tana tsimuwa, da ma'aunin ƙarfinta. Wanda tukunyarsa ba ta da tsabta, ɗanɗanon farko zai tona masa asiri a gaban jama'a. Watau dai 'yan ƙungiya sun zama masu sa ido a kan junansu, kuma sun iya yin haka ne domin doka ta ba su damar fitowa fili.

Wajibi ne a lura cewa dokar 1978 ba ta saki linzami ba. Ta ƙayyade yawan abin da za a dafa: galan 100 a shekara ga baligi ɗaya, galan 200 ga gidan da ke da baligai biyu ko fiye. Ta hana sayarwa. Wanda ke son ciniki sai ya nemi lasisi, ya biya haraji, ya buɗe ƙofa ga masu bincike. Sa'an nan ba ta ba kowa izinin tace barasa ta hanyar tururi a gida ba, kamar yadda Ingila ma ba ta yarda da haka ba sai da lasisi. Masu dokar sun bambanta giyar da ake bari ta tsimu, wadda ƙarfinta yawanci kashi huɗu zuwa shida ne cikin ɗari, da barasar da ake tacewa, wadda kan kai kashi arba'in ko fiye. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin maganar.

Afirka ta Yamma ba baƙuwa ba ce ga giyar gida. Tun kafin zuwan Turawa ake jiƙa dawa, a bar ta ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ƙullin ya kwana biyu ya zama burukutu. Akwai fito a Arewacin Gana, dolo a Burkina Faso, bilbil a Arewacin Kamaru. Galibi mata ne ke wannan sana'a, kuma da ita gidaje da yawa ke biyan kuɗin makaranta da na magani. A wuraren da ake shan ta, akan zauna a da'ira ana miƙa ƙwarya, kowa ya san hannun wace ce ya yi daɗi, wace ce ta yi ha'inci. Wannan kuwa bai bambanta ƙwarai da abin da mutanen Colorado ke yi ba. Abin da ya rage shi ne ma'auni, da horo, da hukumar da za ta leƙa tukunya. Haɗarin burukutu yana tattare da ruwa marar tsabta, da hatsin da ya yi fumfuna, da gangunan ƙarfe waɗanda aka taɓa zuba sinadarai a cikinsu. Duk waɗannan abubuwa ne da duba-gari zai iya gani da idonsa ya gyara.

Babbar musiba ta fi zuwa ta wajen barasa mai ƙarfi. A watan Afrilu na 2015 mutum aƙalla 18 suka mutu a garin Ode-Irele na Jihar Ondo. Da farko an yi ta raɗe-raɗin wata baƙuwar cuta ce, har waɗansu na cewa fushin dodo ne, kafin bincike ya nuna gubar metanol ce a cikin ogogoro. Bayan wata biyu kacal, kusan mutum 70 suka mutu a Jihar Ribas ta wannan hanya. A Kenya, a watan Nuwamba na shekarar 2000, fiye da mutum 130 suka hallaka a Nairobi da kewayenta, alhali tun 1980 ƙasar ta haramta barasar gargajiya da suke kira canga. A Yuganda kuma, a 2010, kimanin mutum 80 suka rasu a gundumar Kabale.

Metanol sinadarin masana'antu ne mai araha, kuma a baki ba a rarrabe shi da barasa, shi ya sa maha'inta ke zuba shi don ƙara ƙarfi da riba. Idan ya shiga jiki, hanta ce ke juya shi ya zama guba mai cin jijiyar gani. Cokali ɗaya na iya makantar da mutum, biyu ko uku na iya kashe shi. Mugun abin shi ne alamun sukan jinkirta sa'a goma sha biyu har zuwa kwana guda, ta yadda mutum zai ɗauka maye ne kawai, ya kwanta barci, sai ya farka da ciwon kai da amai da hazo a ido. Akwai magani. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa fomefizol cikin jerin magungunan da bai kamata ƙasa ta rasa ba, kuma wankin jini na ceton waɗanda abin ya yi wa tsanani. Sai dai duk wannan yana amfani ne ga wanda aka kai asibiti da wuri, wanda kuwa ya sha a ɓoye ba ya saurin faɗin abin da ya sha.

Za a iya cewa duk wani sassauci ƙofa ce ta ɓarna, kuma masu wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, kuma mafi yawansu ba gubar metanol ce ta kashe su ba, barasar kanta ce, ta hanyar ciwon hanta da haɗarin mota da sauransu. Giya mai tsabta ma giya ce. Haka kuma Kenya ta halatta canga a 2010 bisa sharaɗin yin rajista da zubawa a kwalba, amma a watan Mayu na 2014 mutane fiye da 70 suka sake mutuwa. Darasin da ke nan shi ne doka a takarda ba ta ceton kowa in babu ma'aikacin da zai zagaya, da ɗakin gwajin da zai auna, da kotun da za ta hukunta. Kenya ta gwada haramci ta binne mutane, ta gwada halasci ba tare da isasshen sa ido ba ta sake binne waɗansu.

Saboda haka babu mai neman jihohin da suka kafa Shari'a tun daga 1999 su sauya dokokinsu. Jama'arsu sun zaɓi hanyarsu. Maganar tana kan jihohin da doka ta yarda da giya, kamar Filato da Binuwai da Nasarawa da Taraba da Adamawa. Ya kamata ƙananan hukumominsu su yi wa masu dafa burukutu rajista a kan kuɗi kaɗan wanda ba zai sa su gudu ba, a ƙarfafa musu su haɗu cikin ƙungiyoyi masu shugabanni sanannu, a koya musu tsabtar ruwa da zaɓen hatsi, a hana gangunan sinadarai, a kuma hana sayar wa yara. Ilmin yana nan a gida. Tun da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanoni suka koma ga dawa, masanan ƙasar nan suka yi bincike mai yawa a kan tsironta. Babu dalilin da zai sa wannan sani ya tsaya a masana'antun Legas da Kaduna bai isa ga macen da ke dafa tukunya biyu a mako ba.

Game da barasar da ake tacewa kuwa, babu wurin sassauci. Hukumar NAFDAC da ma'aikatun lafiya na jihohi su riƙa ɗibar samfuri daga kasuwanni da tashoshin mota a kai a kai, su bayyana sakamakon a rediyo cikin harsunan da mutane ke ji. A bi sawun metanol tun daga tashar jiragen ruwa har zuwa hannun mai amfani da shi na ƙarshe, duk wanda aka kama ya karkatar da shi zuwa bakin mutane a gurfanar da shi kamar mai kisan kai. Manyan asibitocin kowace jiha, har da jihohin da suka haramta giya, su tanadi maganin wannan guba, a kuma umurci likitoci su fara da ceton rai, binciken 'yan sanda ya biyo baya.

Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Ondo da Ribas sun biya farashin sakaci a 2015, kuma babu wata katanga da ta hana jarkar da ta kashe su isa Jos ko Makurɗi ko Yola. Hukumomin da abin ya shafa su fara aiki tun yanzu, kafin wani gari ya wayi gari da makafi da gawawwaki. Allah ya kiyaye.