Ɗaga Salansa Ba Ya Maganin Hayaƙi

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na bi ta wata rumfar masu walda a Nima, sai na iske wani saurayi ya sa an huda bayan motarsa a-kori-kura, ana kafa mata bututu biyu masu ƙyalli a tsaye kamar ƙahonin bijimi, domin hayaƙin da ya saba fita ta ƙasa ya riƙa tashi sama. Da na tambaye shi hikimar wannan aiki, sai ya ce, "Baba, ai haka ake yi a Amurka, kuma hayaƙin ba zai ƙara damun kowa ba."

Haƙiƙa maganarsa ba ta rasa hujja ba, gama manyan motocin da ke jigilar albasa daga Nijar zuwa Accra, wasunsu da irin wannan bututu aka ƙera su, don kada su feshe masu tafiya a ƙasa. Amma duk bakaniken da ya san sana'arsa zai shaida maka cewa baƙin hayaƙi alama ce ta man da bai ƙone sarai ba, ko don matatar iska ta toshe, ko don bakin da ke fesa mai ya lalace. Wanda kuwa ya bar wannan illa a cikin inji ya je yana ƙawata bututu, ya yi gyaran gangar auzinawa ke nan, domin tokar da ya cilla sama za ta sauko ne a kan doyar da ya ɗauko, da wankin da mata suka shanya a kwararon Maamobi.

Mu mutanen zango mun riga mun karanta wannan babi a Agbogbloshie, inda samari suka yi shekara da shekaru suna ƙona wayoyin lantarki a gefen rafin Odaw don su fid da jan ƙarfe, har a shekarar 2013 aka lissafa wurin cikin wurare goma mafi gurɓata a duniya. A watan Yuli na 2021 hukuma ta rushe filin, ta tura masu sayar da albasa a wurin zuwa Adjen Kotoku, aka yi ta murna an kawar da musiba. Amma da yake ba a ba masu ƙonawa wata hanyar cin abinci ba, sai wutar ta watsu cikin lunguna, kusa da ɗakunan kwana. An sauya wa hayaƙi mafita, ba a taɓa asalinsa ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da ƙa'idar cewa cuta kawar da ita ake yi, ba a ɗauke ta daga kan wani a ɗora wa wani, kuma haƙƙin maƙwabci bai tsaya a katanga ba, ya haɗa da iskar da yake shaƙa. Saboda haka nasihata ga ɗan'uwana mai a-kori-kura ita ce, kuɗin da ya tanada don ƙyalli ya kai su kasuwar Abossey Okai ya sayi matatar iska da bakin fesa mai, bakanike ya daidaita masa inji. In hayaƙin ya washe, to, ya kafa bututunsa ko sun kai hasumiya tsawo, ba mai ce masa don me.