Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: makaɗan gitar kantiri da mujallun Amurka

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwana a Kano ko Kaduna wajen sarin kaya, da wuya a ce bai taɓa jin muryar Jim Reeves ko ta Don Williams ba, tana fitowa daga rediyon mai shayi ko daga kaset ɗin direba. Wannan kiɗa mai sanyi shi ne Amurkawa ke kira kantiri, wato kiɗan mutanen karkara, kuma cibiyarsa ita ce birnin Nashbil na jihar Tenesi. Mai saurare ya san sunan mawaƙi, ya san irin hular da yake sawa. Amma in aka tambaye shi wane ne ke kaɗa gitar da ke bin muryar a baya, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne, domin ko a can Amurka, inda ake da mujallun da ba su da wani aiki sai maganar gita, makaɗan kantiri ba su samun rabon da ya dace da su.

Mujallar Guitar Player ta fara fitowa a shekara ta 1967 a jihar Kaliforniya, ita kuma Guitar World ta biyo baya a 1980. Wanda ya jera tsofaffin bugunsu zai tarar fuskokin da suka fi yawa a bango na makaɗan rok ne, irin su Jimi Hendrix da Jimmy Page da Eddie Van Halen. Gaskiya ne jefi-jefi akan sa wani gwanin kantiri, amma kamar baƙo ne da aka shimfiɗa wa tabarma a zaure. A 2011, da mujallar Rolling Stone ta jera gwanayen gita 100, Chet Atkins, wanda mutanen Nashbil ke ɗauka uban gidan sana'ar, a lamba ta 21 ya zo. Su kuwa mujallun kantiri kansu, irin Country Weekly da aka buga daga 1994 zuwa 2016, mawaƙa suka sa a gaba: wa ya yi aure, wa ya yi sabon faifai. Makaɗi dai ya yi biyu babu, bai samu wajen masu gita ba, bai samu wajen masu kantiri ba.

Dalili na farko yana cikin tsarin aikin kansa. A Nashbil, tun daga shekarun 1950, mawaƙi ba ya yawan shiga ɗakin ɗaukar murya da makaɗan da yake yawo da su. Akwai wasu ƴan ƙalilan ƙwararru da ake ɗauka haya, yau su yi wa wannan, gobe su yi wa wancan. Bisa ƙa'idar ƙungiyarsu ta ƙwadago, zama ɗaya awa 3 ne, kuma a cikinsa akan ɗauki waƙa 3 ko 4. Mai kasuwa a cikinsu yakan yi zama 4 a yini: ƙarfe 10 na safe, da 2 na rana, da 6 na yamma, da 10 na dare. Ana biyansa ladan zamansa ya kama gabansa, kuma shekaru da dama ko sunansa ba a bugawa a jikin faifai. Bugu da ƙari, ladabin sana'ar ya hana shi nuna kai. Makaɗin rok yakan tsaya a gaban jama'a ya yi ta jan tsirkiya na tsawon mintoci, na kantiri kuwa ƴan daƙiƙoƙi ake ba shi tsakanin baiti da baiti, ya faɗi abin da zai faɗa ya koma baya. Gwaninsu shi ne wanda ya ƙawata waƙa ba tare da an lura da shi ba. Ɗan jarida kuwa fuska yake nema.

Dalili na biyu duk mai kanti zai gane shi. Mujalla ba ta rayuwa da kuɗin mai saye kaɗai, da talla take rayuwa. Masu tallar kuwa kamfanonin gita ne da na na'urorin ƙara sauti, kuma wanda suke hari shi ne saurayin da ke mafarkin zama tauraro, wanda zai sayi irin kayan da ya ga gwaninsa ya riƙe a bango. Shugaban mujalla na iya cewa shi abin da kasuwa ke so yake bugawa, kuma maganarsa ba ta rasa ƙamshin gaskiya.

Sai dai akwai dalili na uku da ke rage wa wannan hujja ƙarfi, shi ne raini. Shekaru da yawa kamfanonin faifai na manyan birane suna kiran wannan kiɗa da sunan da ke nufin kiɗan ƙauyawan kan tudu. Rainin ya shiga har cikin lissafi. Kafin 1991, mujallar Billboard, mai jera faya-fayan da suka fi kasuwa, ta dogara ne da abin da masu kantuna suka gaya mata da baki. A wannan shekara aka koma ƙidaya da na'ura a wurin biyan kuɗi, nan da nan sai faya-fayan kantiri suka yi sama. A watan Satumba na shekarar, faifan Garth Brooks mai suna Ropin' the Wind ya shiga jerin a lamba ta 1 tun makonsa na farko, abin da wani faifan kantiri bai taɓa yi ba. Ashe masu saye suna nan tun da daɗewa, masu ƙidaya ne ba su duba wajensu.

Abin da wannan sakaci ya ɓoye ba ƙarami ba ne. A ɗauki misalin Grady Martin, ɗaya daga cikin makaɗan haya na Nashbil, wanda shi ne ya kaɗa gitar waƙar El Paso ta Marty Robbins a 1959. Ana cikin ɗaukar wata waƙar ta mawaƙin, mai suna Don't Worry, wadda ta fito a 1961, sai wani sashe na na'urar ɗaukar murya ya lalace, sautin gitar Martin ya fito da gurnani kamar na tsagaggen ƙaho. Maimakon a share, sai aka bar shi haka, kuma waƙar ta yi kasuwa. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya ƙera wata ƙaramar na'ura mai fitar da irin wannan sauti da gangan, kamfanin Gibson ya fara sayar da ita a 1962. Ba ta yi wani tashe ba sai a 1965, da Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila ya yi amfani da ita a waƙar Satisfaction. Wato gurnanin nan da ya zama tambarin kiɗan rok, wanda mujallu suka cika shafuka da yabonsa, a hannun makaɗin kantiri ya yi suna tun farko. Martin ya rasu a 2001, kuma sai a 2015 aka shigar da sunansa gidan karrama gwanayen kantiri na Nashbil, shekara 14 bayan ƙasa ta rufe masa ido.

Ba shi kaɗai ba ne. Hank Garland, wanda ya yi wa Elvis Presley kiɗa, haɗarin mota ya yanke masa sana'a a 1961 yana ɗan shekara 30, ya rayu har 2004 ba a cika jin ɗuriyarsa ba. James Burton kuwa, wanda ya yi wa Merle Haggard da Emmylou Harris kiɗa, mutanen rok ne suka riga karrama shi a 2001 saboda aikinsa da Ricky Nelson da Elvis. Gidan kantiri bai waiwaye shi ba sai a 2024.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram na iya cewa, ina ruwan biri da gada? Amsar tana cikin wata silsila. A yammacin jihar Kentaki, yankin masu haƙar kwal, an yi wani makaɗi baƙar fata mai suna Arnold Shultz, wanda ya rasu a 1931 bai bar ko faifai ɗaya ba. Masana tarihin kiɗan suna danganta masa tushen wani salo na yankin, inda babban yatsa ke riƙe da tafiyar kiɗa a kan tsirkiyoyi masu kauri, wani yatsan kuma yana fitar da karin waƙa, har mai saurare ya zaci mutum biyu ke kiɗan. Salon ya bi hannu zuwa hannu har ya isa ga Merle Travis, ɗan wani mahaƙin kwal. Chet Atkins yana yaro ya ji Travis a rediyo, ya zauna yana kwaikwayo har ya fitar da nasa salon, daga baya ya zama babba a kamfanin RCA, inda ya shirya wa Jim Reeves faya-fayansa. Mark Knopfler na ƙungiyar Dire Straits, wanda shi ma da yatsunsa tsirara yake kiɗa, ya ɗauki Atkins gwaninsa, har suka yi faifai tare a 1990 mai suna Neck and Neck. Shi kuma Knopfler, tare da Hendrix, yana cikin waɗanda Bombino, ɗan jihar Agadas, ya koyi kiɗa da kallon hotunansu na bidiyo yana yaro. Da lokaci ya yi, a Nashbil ɗin aka ɗauki faifan Bombino mai suna Nomad, wanda ya fito a 2013. Ba a ce gitar Abzin daga Kentaki ta samo asali ba, tana da tushenta a gida. Amma ɗaya daga cikin igiyoyin da suka sarƙe da ita ta ratsa ta hannun mutanen nan da mujallu suka ajiye a gefe.

Yau zamani ya juya. Guitar Player ta daina fita a takarda tun ƙarshen 2024, saurayi mai son koyo kuma yana iya buɗe YouTube ya kalli yatsun Brent Mason, makaɗin da ya yi wa Alan Jackson da ɗimbin mawaƙa aiki, ba tare da jiran yardar wani shugaban mujalla ba. A Nashbil an buɗe wani gida tun 2006 domin karrama makaɗan bayan fage. Wannan duk ci gaba ne. Amma hoton bidiyo yatsu yake nunawa, ba ya faɗin wa ya koya wa wa. Wannan aikin mai alƙalami ne, ya je ya zauna da tsoho tun yana da rai, ya tambaye shi, ya rubuta. Inda ba a yi haka ba, abin da ya samu Shultz shi ke faruwa: suna ya rage, sauti ya tafi.

Al'adar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya saba sayen kaset a kasuwannin ƙasar nan, inda sunan mawaƙi ke jikin kwali, mai kalangu da ƴan amshi kuwa sai wanda ya san su ido da ido. Saboda haka darasin bai tsaya ga mujallun Amurka ba. Duk jaridar da ta yabi murya ta manta da hannu, rabin labari ta ba mai karatunta, alhali ya biya kuɗin labari cikakke. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Abin da ya rage shi ne a yi shi tun gwanin yana iya ji.