Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Kwashe Kuɗi

A garinmu Zakirai akwai wani yaro da muka yi firamare tare, wanda Allah Ya yi wa murya. Yana ɗan shekara 11 wani ya ɗauke shi a waya yana waƙa ran kasuwa. Kafin mako ya zagayo har a birnin Kano an san shi. Sai ga wani mutum da mota, ya ba mahaifinsa 'yan kuɗi, ya tafi da shi. Shekara uku ana yawo da shi gidajen biki, ana yi masa liƙi, maigidan nasa yana kwashewa. Da ya fara girma muryar ta sake, sai aka sako shi a mota aka dawo da shi gida.

A hutun da ya wuce na same shi a bakin gonarsu shi kaɗai. Ba ya shiga cikin samari, don da sun gan shi sai su dinga tsokanarsa da waƙar tasa. Ya ce mini barci ma ba ya samu sosai, kuma kunya ta hana shi komawa aji ɗaya da ƙannensa. Jama'a, yaron da ya saba dubban mutane suna yi masa tafi, yaya zuciyarsa za ta yi ran da aka daina?

Ba a kansa aka fara ba. A Amurka an yi wani yaro, Jackie Coogan, wanda ya shahara a fim ɗin Charlie Chaplin na 1921. Da ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye yawancin dukiyarsa, har ya kai su kotu a 1938. Saboda shi jihar Kalifoniya ta yi doka a 1939, kuma yanzu tilas ne a can a ajiye wa yaro kashi 15 cikin 100 na abin da ya samu. Judy Garland kuwa tana da shekara 16, wato sa'ata, ta yi fim ɗin da ya ɗaukaka ta. Aka riƙa ba ta ƙwayoyin hana barci don ta jure aiki, da na sa barci. Ba ta rabu da ƙwaya ba har ta mutu a 1969 tana da shekara 47.

A nan gida ma mun gani. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowar da ta yi a wata waƙa, bakunan da suka yaba mata jiya suka koma zaginta. Ita babba ce. To, ina ga yaro?

Wani zai ce talauci ne, kuma waƙa sana'a ce. Gaskiya ne, ni ma ban ce laifi ba ce. Amma sana'ar da za ta raba yaro da karatu, kuɗin kuma su tafi aljihun wani, wannan bauta ce.

Don haka ina roƙon Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta hana a sa yaro wasa ko waƙa a lokacin makaranta, ta kuma tilasta a ajiye masa rabonsa a banki. Iyayenmu, don Allah ku tambayi inda ɗanku zai kwana kafin ku karɓi kuɗin kowa. Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, idan irin wannan yaro ya dawo cikinmu, mu ja shi a jiki, kada mu mai da shi abin dariya.

Allah Ya sa mu gane, amin.