Ɗalibin Ilmin Motsa Jiki da Ƙyamar Littafi

Akwai wata magana da ta ke yawo a bakin ɗaliban da ke shirin shiga sashen ilmin motsa jiki da kiwon lafiya, a jami'o'inmu da kwalejojin horon malamai, watau wai wannan fanni na filin wasa ne, ba ruwansa da ɗakin karatu. Wasunsu sun yi suna ne a gudu ko ƙwallo tun suna sakandare. Wasu kuwa fannin da su ka nema ne bai samu ba, su ka faɗo nan. Da yawansu na murnar sun tsere wa littafi. A ganina wannan ra'ayi haɗari ne, kuma yaran da za a danƙa musu gobe su ne za su ɗanɗana kuɗarsa.

Ba laifinsu ba ne su kaɗai. Tun daga firamare a kan miƙa usur ga malamin da aka rasa darasin da za a ba shi, lokacin motsa jiki kuma a mai da shi na sharar fili. Yaron da ya ciyo wa makaranta kofi a kan kau da kai ga faɗuwarsa a jarrabawa, sai ya tashi da zaton ƙafarsa ta isar masa. Sauran ɗalibai kuma su na yi musu kallon 'yan tsalle-tsalle, har su ma su ka yarda da haka. Mu 'yan sashen Hausa mun san ɗacin irin wannan raini, don ba sau ɗaya ba a kan tambaye mu me za mu koya a harshen da mu ka sha a nono.

Alhali kuwa tun a 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta sanya motsa jiki cikin abin da za a koyar a makarantu, kuma manhajar fannin cike ta ke da karatu mai nauyi: ƙirar jikin ɗan Adam, aikin zuciya da huhu, abinci mai gina jiki, halayyar yara, da taimakon gaggawa.

Mai karatu ya dubi inda malamin nan zai yi aiki. A watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri kan wuce digiri 40. Malamin da bai san yadda jiki ke zubar da ruwa da gishiri ta gumi ba, zai sa yara zagayen fili da tsakar rana, in wani ya faɗi ya ce ragwanci ne. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da a ke haifa da cutar sikila, kuma gajiya mai tsanani da ƙishirwa na tayar da ciwon. Ga mai asma a ƙurar hunturu, ga mai azumi da aka sa shi atisaye kafin la'asar. Saurin gudun malami ba zai gaya masa wane yaro zai zaunar a inuwa ba. Sai abin da ya karanta.

A ranar 12 ga Agusta 1989 Sam Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a babban filin wasa na Legas, ana cikin wasa da Angola, ya rasu. A 2021 kuma zuciyar Christian Eriksen, ɗan wasan Denmak, ta tsaya a fili, amma aka yi maza aka shiga danna ƙirjinsa, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya rayu har ya koma ƙwallo. Ajali na Allah ne, amma mintocin farko na hannun wanda ke tsaye kusa. A makarantar ƙauye babu likita a gefen fili, sai malamin motsa jiki.

Saboda haka ina roƙon malaman wannan fanni su bayyana wa sababbin ɗalibai nauyin karatun tun makon farko, kada a bari sai jarrabawa ta sanar da su. Kada kuma kofin da ɗalibi ya ciyo a gasar jami'o'i ta NUGA ya zame masa ceto a kwas ɗin da ya faɗi. Wanda bai iya gwada farfaɗo da numfashi da ɗaure karaya a gaban malamansa ba, a riƙe takardarsa sai ya iya.